Gurasar Maƙwabta

Ƙullu ɗaya Ammachi ta kwaɓa, amma faranti biyu ta zuba. Merin na tsaye kusa da tukunyar turara gurasa tana kallon kakarta ta ɗauko ganyen dabinon da aka raba a coci ranar Lahadi, ta yago sirara biyu, ta gitta su, ta danna a tsakiyar faranti na farko. Na biyun ta bar shi haka nan, ba alama.

Haka ake yi a gidan Kuruvilla duk ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Ista, tun suna Kerala ta ƙasar Indiya har suka tare a Stafford, nan gefen Houston a Amurka. Gurasar shinkafa ce marar yisti, ana tsoma ta a kunun madarar kwakwa da mazarƙwaila. Mai gicciyen ta 'yan gida ce. Maigida ne ke yanka ta da hannunsa, ya miƙa daga babba zuwa ƙarami, kuma ko ɓarɓashinta ba a bari ya kwana. Marar gicciyen ta maƙwabta ce da duk wanda ya faɗo daga waje.

Yau kuwa akwai mai zuwa. Wata goma sha huɗu ke nan Merin tana tare da Desmond, malamin lissafi a wata sakandare, sai mako uku da suka wuce ta iya buɗe baki ta faɗa a gida. Appa, mahaifinta, bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya ninke jaridarsa ya ce ya zo ranar Alhamis, lokacin kowa na nan. Tun daga ranar barcinta ya ragu. Ta san mahaifinta. Shekara talatin yana ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, maganar da yake yi a yini ba ta cika tafin hannu ba. Ba da baki zai ba da amsa ba, da wuƙa zai bayar. Shekara biyu da suka wuce, da 'yar Baffa Thampi ta kawo saurayinta, ɗan Kottayam, can yankinsu na Kerala, tun ba a sa rana ba Appa ya yanka masa daga mai gicciye, kowa ya gane an gama magana.

Amma, mahaifiyarta, ta leƙo daga wajen murhu ta ce ta rage barkono a miyar wake, tunda turawa bakinsu ba ya ɗaukar yaji. Merin ba ta gyara mata ba. Abin da ta faɗa musu uku ne: ba ɗan Indiya ba ne, Kirista ne, malamin makaranta ne. Saura Amma ce ta cike da kanta, ita kuma ta bar ta.

Shi ma Desmond haka ta bar shi. Mako uku yana shiri a hannun abokin aikinsa Hitesh, ɗan Gujarat, wani yanki dabam na Indiya. Ta ji shi a mota yana maimaita gaisuwa da Hindi, yaren da Ammachi ba ta san ko kalma biyar a cikinsa ba, ta yi murmushi kawai. Tun tana firamare ake tambayarta ina jan ɗigon goshinta, ko gaskiya ne saniya uwarsu ce, ko an riga an zaɓa mata miji. Da wuri ta gano cewa gyaɗa kai ya fi gyara saurin kashe magana. Har ta girma da abin. Kuma shi Desmond da zuciya ɗaya yake yi, yana murna, ta kasa samun ranar da za ta ce masa duk wahalar banza yake sha.

Sun dawo daga coci wajen ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba. Ba su gama sauya kaya ba ƙararrawa ta kaɗa. Merin ta yi sauri, amma mahaifiyarta ta riga ta.

Desmond na tsaye da kwat ruwan toka, ya riga ya cire takalmansa ya jera su a gefe, akwatin alewa a hannu. Dogo ne, baƙar fata, mai yawan fara'a. Merin tana bayan mahaifiyarta, don haka ba fuskarta ta gani ba, wuyanta ta gani, yadda ya sandare. Daƙiƙa biyu ne ko uku. Sannan Amma ta ce masa sannu da zuwa da muryar da take yi wa majinyata. Desmond ya ga abin da ya gani. Fara'arsa ba ta tafi ba, amma ta tsaya wuri ɗaya.

A falo Ammachi na zaune da farin zanenta, Appa da ƙanensa Baffa Thampi suna gefe. Desmond ya haɗa tafin hannu ya yi gaisuwar da aka koya masa. Sai ya durƙusa gaban tsohuwar ya kai hannu ya taɓa ƙafafunta. Ammachi ta janye su da sauri ta cusa ƙarƙashin kujera, ta leƙa ƙasa, ta tambaya da yarensu na Malayalam ko wani abu ne ya faɗi masa.

Baffa Thampi ya kwashe da dariya. Mutum ne mai gidan sayar da man fetur, mai son a san yana wuri.

“Malam, a wane fim ka ga wannan? Tashi, tashi, kada ka ɓata wando. Mu nan ba ma yi.”

Desmond ya tashi ya ba da haƙuri. Ya miƙa wa Amma akwatin, ya ce daga shagon da Hitesh ya ce ya fi kowanne ya saya. Alewar madara ce da man shanu, gidan kuwa yau kwana arba'in da wani abu ba a sa madarar shanu a baki ba saboda azumi. Sai Amma ta yi godiya, ta kai akwatin can saman firji inda ake ajiye batir da tsofaffin takardu.

Aka zauna tebur. Faranti biyun na tsakiya, an rufe su da farin ƙyalle. Kafin a kai gare su sai an ci abincin yamma, shinkafa da miyar wake da ayaba dafaffiya. Baffa ne ya karɓe tambayoyin. Ya tambaya ko Desmond na buga ƙwallon kwando, da wannan tsawo nasa. Desmond ya ce ko jifa ɗaya bai iya ba, ɗalibansa ma dariya suke masa. Baffa ya tambaya wace unguwa ya taso, ya tambaya ko makarantar da yake koyarwa irin mai 'yan sanda a ƙofa ce. Sannan ya sa loma, ya tauna, ya ce kamar ba komai ba:

“Mahaifin naka fa? Kana ganinsa?”

Cokalin Merin ya tsaya a hanya. Desmond ya ajiye nasa a hankali.

“Duk Lahadi, yallaɓai. Shi ke buɗe ƙofar cocinmu a Beaumont, shi ke rufewa. Watan gobe aurensu da mahaifiyata zai cika shekara talatin da shida.”

Baffa ya ce to madalla, madalla, ai tambaya ce kawai. Ya juya ga Appa ya faɗi wata magana da Malayalam a kan kalar jikokin da za a samu. Sai Amma ta harare shi. Appa bai ɗago daga farantinsa ba. Merin ta san ya kamata ta ce wani abu. Ta duba ruwan da ke kofinta, ta sha.

Desmond bai ji yaren ba, amma ya ji sautin. Irin mutanen nan ne da in wuri ya yi sanyi sai su ƙara ƙoƙari. Ya yaba miyar. Ya ce ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa in sun zo Beaumont kada ta kusanci naman sa, ta yi musu ganye da wake. Baffa ya kusa ƙwarewa. Ya ce yaro, ka san abin da za a soya a gidan nan ranar Lahadi kuwa? Ya ce a ƙauyensu saniya in ta ga ɗan gidan Kuruvilla sauya hanya take yi. Har Amma sai da ta murmusa. Desmond ma ya yi dariya, ya waiwayo ya kalli Merin, kallo gajere, ya mayar da kai.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma dariyar ta sa ya ɗauka wuri ya saki. Ya dubi hoton Almasihu da ke bango da fitila ja a ƙasansa, ya ce wa Appa abin ya burge shi ƙwarai, yadda suka riƙe addini haka da ƙarfi. Ya ce kakarsa tun yana yaro take jefa kuɗi a asusun masu wa'azi da ke zuwa Indiya, da tana raye da ta yi murna ta ga aikin bai tafi a banza ba. Ya tambaya ko a zamanin mahaifin Appa ne turawan mishan suka iso garinsu, ko tun kakansa.

Merin ta rufe ido.

Babu abin da za ka faɗa wa mutumin gidansu da ya fi wannan ciwo. Ta san da haka tun tana 'yar shekara biyar. Sau nawa ta ji Appa yana ba da labarin Manzo Toma da ya sauka a gaɓar tekunsu, da gidajen da ya yi wa baftisma, da sunayen kakanni da yake jerowa kamar karatu. Magana ce ta minti ɗaya da za ta iya gaya wa Desmond a mota, a kowace rana cikin wata goma sha huɗu.

Appa ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Tunda aka zauna sai yanzu ya dubi Desmond.

“Turawa sun zo sun same mu muna addu'a,” ya ce. “Lokacin da aka yi wa kakanninmu baftisma, nasu kakannin itace suke yi wa sujada.”

“Ban sani ba, yallaɓai. Ka gafarce ni.”

“Na ga alama.”

Wannan karon da Desmond ya kalle ta bai ɗauke ido da wuri ba. Ba fushi ba ne tukuna. Tambaya ce.

Sai Amma ta kwashe kwanuka. Aka kawo kunun kwakwa a babban kwano, da ƙananan kofuna. Kowa ya miƙe tsaye. Appa ya karanta daga Littafi Mai Tsarki labarin daren da aka ci gurasa marar yisti a Masar, ya yi addu'a, Ammachi tana amsawa da 'yar muryarta. Ya wanke hannu. Ya ɗage ƙyallen, ya jawo farantin farko gabansa, ya zare gicciyen ganyen ya ajiye a gefe, ya ɗauki wuƙa.

Merin ta riga ta yi lissafin tun da safe. Ammachi, sai Appa kansa, sai Baffa, sai Amma. Desmond shekararsa talatin, ita ashirin da bakwai. Idan za a ba shi, kafin ita za a ba shi.

Appa ya tsoma yanki na farko a kunu ya miƙa wa mahaifiyarsa. Ya ajiye nasa. Ya ba Baffa. Ya ba Amma. Ya ɗauki na biyar, ya tsoma, ya tsaya kunun yana ɗiga.

“Merin,” ya ce.

Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, don hannun ya saba. Sannan Appa ya ture farantin farko, ya jawo na biyu, ya yanka babban yanki, har ya fi na kowa girma, ya ɗora a ƙaramin faranti ya tura gaban Desmond.

Desmond ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ya ga ta yi. Fuskarsa ta saki. Ya ce ya gode ƙwarai da aka sa shi cikin abu mai girma irin wannan, musamman bayan shirmen da ya tafka. Da gaske yake faɗa. Baffa ya dubi silin. Ita kuma Amma ta dubi farantinta.

Abin da ya rage mai sauƙi ne. Ta ci nata, ya ci nasa, a sha kunu, ya tafi gida yana ganin an karɓe shi. Ba mai gaya masa. Wataƙila sai bayan shekara, wataƙila har abada. Ta ga ya ɗaga gurasar zuwa baki, yana murmushi ga mutanen da duk sun san abin da bai sani ba, har da ita.

“Desmond, dakata tukuna.”

Muryar ta fito ƙarama, sai da ta maimaita. Kowa ya juyo. Ba ta taɓa yin magana a tsakiyar wannan hidima ba, ba wanda ya taɓa yi.

“Gurasar biyu ce,” ta ce, idonta a kan tebur. “Mai gicciye ta 'yan gida ce. Wadda aka ba ka ta maƙwabta ce. Da za a ba ka ta gida, kafin ni za a ba ka. Ya kamata in gaya maka tun kafin ka zo. Da wannan, da sauran duka.”

Mahaifiyarta ta kira sunanta ƙasa-ƙasa. Merin ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta mayar da yankinta kan farantin farko. Ta ɗauki wuƙar daga gaban mahaifinta, ta yanka wa kanta daga gurasar maƙwabta.

“Ba a mayar da shi,” in ji Appa.

“Na sani, Appa.”

“Ba ya kwana, ba a zubarwa.”

“Na sani.”

Yankin na nan a tsakiyar tebur, jiƙe da kunu. Ammachi ta tambaya me ake ciki, Baffa ya faɗa mata a taƙaice, da ƙarin gishirinsa. Tsohuwar ta dubi jikarta, ta dubi ɗanta, ta ci gaba da tauna nata da dasashi.

Amma ce ta kasa jurewa. Ta miƙa hannu ta ɗauki yankin, ta raba shi biyu, ta sa rabi gaban Merin, rabi gaban Desmond, ba ta kalli mijinta ba. Ta ce a ci a tashi, kunu na hucewa.

Desmond ya daɗe yana kallon rabin. Sannan ya tambayi Merin, a hankali, wa ke bayarwa a al'ada.

“Maigida,” ta ce.

Ya tura ɗan farantin baya kaɗan.

“Na gode, Mama, har zuciyata. Amma yau sau huɗu ina yin abu don na ɗauka na sani. Wannan kam yanzu na sani.” Ya juya ga Appa. “Yallaɓai, idan ba daga hannunka ya fito ba, ba nawa ba ne. Wanda ka ba ni shi zan ci.”

Ya ɗauki gurasar maƙwabta ya ci. Merin ma ta ci tata. Appa ya tsaya yana kallonsu har suka haɗiye. Merin tana jira ya ɗauki rabin ya miƙa. Ya ɗauka. Ya ɗauki ɗaya rabin ma daga gabanta. Ya cinye su duka biyun, a tsaye, a hankali, ya tattara ɓarɓashin da ɗan yatsa. Aka sha kunu.

Desmond bai daɗe ba bayan haka. Ya yi wa kowa sallama, wannan karon da kai kawai ya rusuna wa Ammachi. Yana ɗaura igiyar takalmi a bakin ƙofa sai ga Appa ya fito ya tsaya, hannu a baya, yana duban ciyawar gaban gida kamar ita ya fito dubawa.

“Ranar Lahadi muna buɗe baki bayan coci,” ya ce. “Ƙarfe ɗaya. Akwai naman sa. Tunda an ce maka ba ma ci, sai ka zo ka gani da idonka.”

Bai jira amsa ba ya koma ciki.

Merin ta raka Desmond har mota. Rana ta yi ja a bayan rufin maƙwabta, wani yana ba furanninsa ruwa a tsallaken titi. Desmond ya buɗe ƙofar motar, bai shiga ba.

“Ba ki gaya musu kalata ba.”

“A'a.”

“Na gani a fuskar mamanki. Wannan na saba da shi, Merin, tun ina yaro nake shiga ɗaki ina ganin haka. Abin da ban saba ba shi ne wadda ta kawo ni ta san ramin da ke gabana ta yi shiru. Mako uku kina ji na ina haddace yaren da ba naku ba.”

Ta ce tsoro ta ji. Ta ce yana ta murna, ta kasa. Da ta ji maganar a kunnenta sai ta ji ba ta da nauyi. Ya tambaye ta ko akwai ranar da ta taɓa mayar da gurasarta kafin yau. Ta girgiza kai. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya jingina da motar.

“Ban ce zan zo ranar Lahadi ba,” ya ce. “Sai na yi tunani. Amma in zan zo, ba zan sake shiga gidan nan a makance ba. Ita kakar taki, yaya ake gaishe ta?”

Ta waiwaya. Labulen falo ya motsa, ta san Amma ce. Ta haɗa tafin hannunta a ƙirji ta nuna masa. Ta ce ƙarami ne ke fara cewa yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu, babba ya amsa da yanzu da har abada. Ta faɗa masa da Malayalam, doguwar magana mai murɗe harshe. Ya haɗa hannu ya gwada. Ya haɗiye rabin kalmomin, saura ya karkatar da su. Ya dube ta yana jira.

Kanta har ya fara gyaɗawa. Ta tsayar da shi.

“Ba haka ba ne,” ta ce. “Sake.”